Akushin Uwar Murhu

A garin Rafin Ɗorawa an yi wata mata mai suna Tabawa, wadda in aka tashi daga biki ana yabon abinci, ba sai ka tambayi wa ya dafa ba. Tukwanenta goma sha biyu ne, kowace rago zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Ta taɓa ciyar da mutum dubu a yini guda ba ta ko zauna ba. Amma a lokacin da nake ba ku labari, mutum ɗaya tak ya gagare ta ciyarwa, kuma ba kowa ba ne illa mahaifinta, Baba Mijinyawa.

Jininsa ne ya hau, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Likita ya ce a rage masa gishiri ƙwarai, a bar dunƙulen miya, a sassauta mai. To ita Tabawa irin matan nan ce da in an ce su rage sai su yanke. Ta ɗauke tsohon daga zauren da ya shekara hamsin yana zama, ta mayar da shi ɗakin ciki mai fanka. Ta saya masa 'yar tukunya, da faranti da cokali, nasa shi kaɗai. Yana da abokai biyu, Malam Buwai majemi da Ɗan'azumi wanzami, waɗanda suke ciyayya tare kullum da yamma, kowa ya zo da kwanon gidansa a haɗa a ci. Tabawa ta same su ta ce likita ya ce a bar Baba ya huta. Ta san miyar gidan Malam Buwai, gishiri kamar an yi ɓari. Ta sa kwaɗo ta rufe ƙofar zaure, ta ƙulle makullin a bakin zanenta, gidan ya koma shige da fice ta ƙofar baya inda ake loda tukwane.

Wata guda tsoho yana tsakurar abinci. Daga nan ya daina gaba ɗaya. Kwana tara ba abin da ya wuce maƙogwaronsa sai ruwa, har zoben azurfarsa ya fara zamewa daga yatsa.

"Baba, ko loma ɗaya ce," in ji Tabawa.

"Uwata, ɗauke," in ji shi. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa, marigayiya Inna, ta ci. "Wannan magani ne kika zuba a faranti. In ba miyar Inna ba, bakina ya rufe."

Ba irin miyar da ba ta gwada ba. Ta yi miyar kuka, ta yi ta kuɓewa, ta yi taushe, ta yi zogale. Ta duba waya ta kwaikwayi girkin ƙasashen da ba ta iya faɗin sunansu ba. Duk ta ajiye masa a kan ɗan teburi ta ja ƙofa, in ta dawo ta tarar da faranti yadda ta bar shi. Tsoro ya kama ta sosai, don ta ga ubanta yana tafiya a gaban idonta.

Ranar Laraba da tsakar rana ta zagaya bayan ɗaki shanya, sai ta ji ƙamshi. A nan tsohon murhun kakarta yake, duwatsu uku da ba a hura wuta a cikinsu ba tun da ta sayi gas. A kan duwatsun ga wani baƙin akushi an rufe da faifai, tururi yana fita ta gefe. Ta buɗe, tuwon dawa ne da miyar kuka, kore shar, tana sheƙi. Ta duba katanga, ta duba ƙofa, ba kowa.

Daga ɗaki ta ji muryar tsoho, wadda ta kwana biyu ba ta ji da ƙarfi haka ba. "Uwata, wa ya kawo mana ɗaukin tuwo?"

Ta kai masa. Amma Tabawa ba za ta ba ubanta abin da ba ta san ciki ba. Ta wanke hannu, ta zauna a tabarma kusa da shi, ta yanki loma don ta ji ko akwai gishiri. Tsoho ya miƙo hannu, ya yanki tasa. Ba ta gama tantancewa ba, ta ƙara ta biyu, shi ma ya ƙara. Ta yi ta uku, ya yi ta uku. Sai wayarta ta yi ƙara, masu bikin Asabar ne, ta miƙe ta fita tsakar gida. Da ta dawo ya juya fuska bango, akushin kuwa wayam, kamar an wanke an goge.

"Na maƙwabciyar Inna ne," ya ce, idonsa a rufe. "Ki mayar mata. Kin dai san ba a mayar da kwanon ɗauki fanko."

"Wace maƙwabciya, Baba?"

Barci ya riga ya ɗauke shi.

Tabawa ta ce a ranta, asirin yana cikin miyar nan, kuma duk inda mai ita take sai ta koya mini. Ta ɗora dafa-dukar da ta yi suna da ita, ta zuba mai har ya taso, ta marmasa dunƙule shida, ta jera soyayyen kaza a sama. Ta cika akushi ta rufe, ta kai kan duwatsun ta ajiye. Tsohuwar tokar da ke tsakani ta fara juyawa a hankali, duwatsun suka ja da baya, wata murya ta fito daga ƙasa ta ce, "Mai ɗauki da ƙafarta take kaiwa."

Ta waiwayi ɗakin ubanta sau ɗaya, ta yi bisimilla, ta ɗora akushi a ka, ta taka tokar.

Ba faɗuwa ta yi ba, nutsewa ta yi sannu-sannu, sai ga ta tsaye a wata ƙasa. Samaniyar wurin launin cikin sabuwar ƙwarya ce, rana kuma ta tsaya a hantsi ba ta gaba ba ta baya. Yashin da take takawa tsabar gero ne, yana gangarowa tsakanin yatsunta da ɗumi. Iska tana zuwa da ƙamshi kashi-kashi, wani na toya, wani na hayaƙin kara, wani kuma ba ta taɓa jin irinsa ba, amma ya sa ta kewar wani wuri da ba ta taɓa zuwa ba.

Ta yi tafiya har ta iso bakin wani kogi mai faɗi, ruwansa yana tafasa. A gaɓa ga ƙatuwar ƙwarya tana lilo, a cikinta wani dogon mahaluki yana zaune riƙe da ludayi. Jikinsa duk tururi ne, ana hango ƙetare ta cikin ƙirjinsa.

"Aminci gare ki, 'yar Adam mai akushi a ka," in ji shi. "Ni ne Ɗan Tururi, mai fiton wannan kogi. Ina kika nufa?"

"Aminci gare ka. Wurin mai akushin nan zan je."

"Uwar Murhu kike nema. Shigo. Ba na karɓar kuɗin fito, amma ki sani kogin nan da zuciyar mai haye shi yake tafasa."

Ta shiga. Ɗan Tururi ya tsoma ludayi ya ja sau ɗaya, ya huta. Ya sake tsomawa, ya sake hutawa. Tabawa, wadda ko ruwan shayi in ya daɗe bai tafasa ba sai ta yi masa faɗa, ta kasa daurewa.

"Bawan Allah, ubana na kwance. Ka ɗan ɗaga hannu mana."

Kafin ta rufe baki kogin ya yi wani irin gurnani, kumfa ya taso ya fi tsayin mutum, ƙwarya ta shiga juyawa, ruwan zafi ya fallatso mata a dantse. Ta ƙanƙame akushi.

"Ki zauna," in ji Ɗan Tururi, ko gezau bai yi ba. "Ba zaman jiki nake nufi ba."

Ta rufe ido. Ta tuna tana ƙarama, kakarta tana tuƙa tuwo, ita kuma tana kwance a cinyar ubanta tana jin ƙarar muciya a gindin tukunya. Ta bi ƙarar nan a ranta, ɗaya bayan ɗaya, har numfashinta ya daidaita da ita. Da ta buɗe ido, ruwan ya kwanta, sai 'yan ƙananan kumfa suna tasowa jefi-jefi, ƙwarya kuma ta riga ta taɓa gaɓa.

"Gabanki Zangon Baƙi ne," in ji Ɗan Tururi. "Duk wanda ya ce miki bisimilla, kada ki ƙi, kuma kada ki wuce loma ɗaya." Yana faɗin haka iska ta ɗauke shi.

Zangon Baƙi gari ne guda, ganuwarsa ta jar ƙasa, ƙofarsa a buɗe. A bakin ƙofa wani gajeren tsoho mai furfura da wata doguwar mata mai jan kallabi suka tarye ta.

"Ni ne Gero, wannan 'yar'uwata Dawa," in ji tsohon. "Mu ne masu masauki. Tun kafin a gina ganuwar garinku ta farko muke ciyar da kakanninki. Duk wanda kika gani a ciki, mu muka ba shi tabarma."

Suka shige da ita. Wani siririn saurayi mai jan rawani ya taso yana magana da zafi-zafi, ya ce shi ne Barkono, daga ƙetaren babban teku ya zo a jirgin ruwa, tare da Tumatir da Masara da Rogo da Gyaɗa. Su ma suka ɗaga hannu daga inda suke zaune.

Tabawa ta riƙe baki. "Kai Barkono, baƙo ne kai? Ai ni na ɗauka tare aka halicce ka da Bahaushe. To da me kakannin kakanninmu suke yin yaji?"

"Da mu," in ji wasu tsofaffi uku daga ƙarƙashin rumfa, Masoro da Kimba da Citta mai 'ya'ya. "Yaron nan da ya zo da surutunsa aka tura mu kunun mai jego." Barkono ya yi dariya ya durƙusa ya gaishe su.

Can gaba ta ga wani dattijo mai siririn gemu yana zaune a kan akwati, ya ce shi Shayi ne daga ƙasar Sin, ya bi raƙuma ya bi jirage kafin ya iso teburin mai shayin unguwarsu. Kusa da shi wata baƙar kyakkyawa tana gasa ƙwayoyin kofi a kasko, ta ce ita Gahawa ce daga tsaunukan Habasha. Kowa ya ce mata bisimilla, ta kurɓa sau ɗaya, ta wuce.

Daga nan hanya ta shiga wani dogon lungu mai tagogi hagu da dama, kowace taga tana kallon wata ƙasa. A ta farko ta ga mutane sun kewaye wani faffaɗan tire, an shimfiɗa wata siririyar waina mai tsami, an ɗiga miya kala-kala a kai, wani yana naɗe loma yana sa wa ɗan'uwansa a baki. A ta biyu dusar ƙanƙara na zuba a waje, a ciki kuwa iyali sun zagaye tukunyar romo tana tafasa, kowa da tsinke biyu yana tsoma ganye yana tsamowa. A ta uku mutanen hamada ne a inuwar tanti, sun tanƙwashe ƙafa a gaban wata ƙatuwar tasa ta dambun alkama, babbansu yana tura wa ƙaraminsu nama gabansa. A ta huɗu masunta ne a bakin teku, an baza shinkafa da kifi a kan ganyen ayaba.

A kowace taga Tabawa sai ta tsaya ta leƙa ta tambaya, "Me kuka sa a ciki? Wane ganye ne wancan? Minti nawa yake yi a wuta?" Su kuma su faɗa mata, su miƙo loma ɗaya, ta karɓa ta wuce tana maimaitawa don kada ta manta. Mai girki ce, Allah ya sani, idonta duk yana cikin tukunya.

A ƙarshen lungun akwai wani farin gida mai ƙyalli, bangonsa kamar an gina da ƙanƙara. Wata mata fara sol ta fito, muryarta mai taushi.

"Maraba da gajiyayyiya. Ni ce Sukari. Shigo ki huta, bisimilla."

Cikin gidan ƙananan ɗakuna ne jere, ba iyaka. A kowane ɗaki mutum ɗaya ne zaune da kwanonsa, ya juya wa ƙofa baya, yana lasa yana gyangyaɗi. Ba mai yi wa wani magana. Sukari ta zaunar da Tabawa a nata ɗakin, ta sauke mata akushi, ta miƙo wani abu fari a cokali. Tabawa ta lasa. Duk gajiyar shekara ashirin ta tsayuwa a gaban wuta ta narke daga kafaɗunta. Ta ce a ranta, rabin cokali ai ba loma ba ne. Ta ƙara. Ta sake ƙarawa.

Ƙafafunta suka yi nauyi. Ta ga kamar tana kwance a kan auduga, ana kaɗa ta a hankali. Ta san akwai wani tsoho a wani ɗaki da ke jiran wani abu, amma ta nemi sunansa ta rasa, kuma rashin bai dame ta ba. Wannan shi ne mafi munin abin da ya same ta a tafiyar, ita kuwa a lokacin murmushi take yi.

Sai ta ji ƙarar ƙararrawar raƙumi. Wani busasshen dattijo mai toka-tokar riga ya sunkuyo ta taga, ya miƙo yatsa ya ɗora mata ƙwaya ɗaya a harshe. Ta zabura kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Mijinyawa," ta ce. "Sunansa Mijinyawa."

"Ɗauki akushinki ki fito," in ji dattijon.

Ta fito tana tangaɗi. Sukari ba ta hana ta ba, ta dai ce, "Ƙofata ba ta rufuwa," ta koma ciki.

"Wane ne kai, Baba, da ka cece ni?" in ji Tabawa.

"Wanda kika kora daga tukunyar ubanki. Ni ne Gishiri." Ya gyara akalar raƙuminsa. "Ban zo da ƙara ba, likita ya yi gaskiya. Amma ki ji nawa. A da daga Bilma ake ɗauko ni, a yi makonni ana ratsa yashi, mutane na mutuwa a hanya saboda ni. Matar da ta same ni da yatsu uku take ɗibana, ta sa wa tukunyar mutum goma. Yanzu na yi araha, kuna zuba ni da tafin hannu, ku ƙara da dunƙule, shi ma rabinsa ni ne na sake riga. In jini ya hau a ce Gishiri mugu ne. Ita ma waccan farar, da can sai ranar salla ake ganinta."

Tabawa ta sunkuyar da kai, don ta san dunƙule nawa ke cikin akushin da ke kanta. Gishiri ya durƙusar da raƙumi ya ɗora ta, suka bi ta wani fili inda bishiyoyin ɗorawa suke tafiya da kansu suna neman inuwar juna. Suka wuce tafkin nono da farin hazo ke kwance a kansa, har suka hango wasu manyan duwatsu uku, kowane ya kai tsauni, hayaƙi yana tashi daga tsakiyarsu.

"Nan iyakata," in ji Gishiri. "Ni ko a can sai an kira ni nake shiga."

A tsakanin duwatsun wata tsohuwa ce zaune a kan kujera 'yar tsugunne. Gashinta hayaƙi ne yana tashi sama, idanunta garwashi biyu masu lumshewa. Tana tuƙa wata tukunya da muciya, itace guda ɗaya tak yana ci a ƙarƙashi. Tabawa ta durƙusa har ƙasa.

"Barka da aiki, Iya. Na dawo da akushi, an gode, Allah ya saka da alheri."

"Barka kadai, takwarar ƙawata," in ji Uwar Murhu. "Shekara arba'in ina musayar kwano da kakarki. Ranar da ta yi tuwo ta ajiye mini, ranar da na yi in ajiye mata. Da kika kashe murhun na ce to, zumunci ya ƙare. Sai na ji ɗanta yana kiran miyarta, raina bai ba ni in yi shiru ba. Buɗe in ga abin da kika kawo."

Tabawa ta buɗe da ɗan alfahari, don dafa-dukar nan manyan mutane sun aiko an tambayi wa ya dafa ta. Uwar Murhu ta ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya ta sa a harshe.

"Ina shinkafar?" ta ce. "Ina tumatir, ina albasa? Na ji mutum ɗaya yana ihu, sauran duk an toshe musu baki." Ta busa akushin, abincin ya tashi ya zama hayaƙi. "Fanko kika kawo mini, 'yar nan."

Tabawa ta leƙa akushin, ba ko ƙwayar shinkafa.

"Ga al'adarmu," in ji tsohuwar. "Wanda ya mayar da kwano fanko ya yanke maƙwabtaka, kuma abin da aka ci a kwanon ya zama na ƙarshe. Kin ga itacen nan? In ya cinye akushina bai cika ba, loma ukun nan su ne guzurin ubanki."

Itacen bai fi kamu ɗaya ba. Tabawa ta ciro 'yan kunnenta na zinari ta jefa a akushi, suka narke suka ɓace. Ta jefa wayarta, ita ma haka. Ta fara zayyano girke-girken da ta haddace a tagogi, kowane ta faɗa sai ya fita bakinta ya bi iska.

"Iya, don Allah," ta ce tana kuka, "ko ba ki karɓi komai ba, ki faɗa mini asirin miyar. Ni ba don kaina na zo ba."

"Asiri? Kawo kunnenki. Daddawar ɗorawa da ta kwana uku a rufe. Garin kuka na sabon ganye. Busasshen kifi, masoro kaɗan, albasa. Gishiri da yatsu uku. Wuta a hankali. Shi ke nan."

Tabawa ta ɗago kai. "Ai haka na yi masa ranar Asabar, ba abin da na rage. Ko kallonta bai yi ba."

"Na sani, ina jin ƙamshinta daga nan, kuma ta fi tawa daɗi. Yau loma nawa ya ci?"

"Uku."

"Ke fa?"

Tabawa ta dubi hannunta na dama. Wuta ta yi ƙara, wani ɓangare na itacen ya karye ya zama toka. Ta ga kanta a tabarma, hannunta a cikin akushi, hannun tsoho yana biye da nata. Ta ga lokacin da ta miƙe da waya a kunne, hannun ya koma ƙarƙashin bargo. Sai tagogin nan suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba tukwanen ta gani ba, hannuwa ta gani, da yawa, suna shiga kwano ɗaya. Wuri guda kaɗai ta ga mutum yana ci shi kaɗai a duk ƙasar, a farin gidan nan ne. Ta tuna ɗan teburi, da faranti, da cokali, da ƙofar da take ja masa kullum don kada a dame shi. Mutumin da tun da aka yaye shi bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba.

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, har ta ji da ma ƙasa ta tsage. Ta kai hannu bakin zanenta don ta share hawaye, sai ta ji wani abu mai tauri a ƙulle.

Itacen saura kamar yatsa. Ƙullin ya ƙi kwancewa, don wata guda da kwana tara ke nan ba a taɓa shi ba. Ta sa haƙori ta yage zanen. Makullin zaure ya faɗa cikin akushi, ya yi ƙara sau ɗaya, bai narke ba. Tururi ya taso daga ƙarƙashinsa har ya cika akushin ya tumbatsa.

"Yanzu kin kawo ɗauki," in ji Uwar Murhu. Ta ɗauki makullin ta jefa a wuta, wutar ta kama shi kamar busasshen kara ta tashi sabuwa. Ta ɗebi ƙwallon daddawa ɗaya ta sa wa Tabawa a tafin hannu. "Je ki. In kin hura murhun kakarki, zan gani."

Hayaƙin gashinta ya sauko ya lulluɓe Tabawa. Da ya washe, tana tsaye a bayan ɗaki, ƙafafunta cikin toka, ladan yana kiran la'asar.

Ba ta tsaya karkaɗe jiki ba. Ta leƙa ɗaki ta ga ƙirjin tsoho yana ɗagawa, ta yi hamdala. Ta karya kara ta hura wuta a tsakanin duwatsu uku, ta ɗora babbar tukunya, ta jefa daddawar, ta ɗebi gishiri da yatsu uku. Da tuwo ya nuna, rana ta yi sanyi, ta nufi zaure, sai a nan ta tuna makulli ya zama itacen wuta a wata duniya. Ta koma ta ɗauko taɓarya. Duka uku ta yi wa kwaɗon ya tsage.

Ta ja ƙofa da niyyar aikawa a kira mata tsofaffin, ta ba su haƙuri. Ba ta buƙaci aike ba. Suna nan zaune a gindin bango, a kan wata tsohuwar tabarma, Malam Buwai da Ɗan'azumi, kwanoni biyu a rufe a gabansu. Ƙasar wurin ta yi sumul saboda zama. Tsakaninsu sun bar gurbin mutum ɗaya.

"Baba Buwai," ta ce, "tun yaushe kuke nan?"

"Yau? Tun da aka sallame la'asar."

"A'a, ina nufin..."

"Ai kullum muna zuwa, 'yata," in ji Ɗan'azumi. "Kin ce a bar shi ya huta, ba mu ga ya dace mu buga ƙofa ba. Mukan jira har a kira magariba, in ba a buɗe ba mu ci mu tafi."

Tabawa ta durƙusa. "Ku gafarce ni. Tsoron gishiri ne ya sa, na ga miyar gidajenku..."

Malam Buwai ya buɗe kwanonsa ya turo mata. "Ɗanɗana."

Ta lakata ta sa a harshe. Salam, ko alamar gishiri babu.

"Tun ranar da muka ji abin da likita ya ce muka hana a sa mana," in ji shi. "Muka ce ko wata rana a buɗe, kada a tarar da abin da ba zai iya ci ba. Iyalina har sun gaji da mita. Wallahi 'yar nan, wata guda ke nan ban ji daɗin tuwo ba."

Su biyun suka shiga suka tallabo abokinsu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna yi masa tsiya wai ya zama amarya a lalle. Suka zaunar da shi a gurbinsa na zaure, aka jingina masa matashi. Tabawa ta juye tuwonta da na gidajen biyu a babban kwano ɗaya, ta kwarara miya, ta ajiye ruwan wanke hannu, ta koma bayan ƙyaure ta laɓe.

Hannu uku suka shiga kwano. Ta ƙirga na ubanta. Ɗaya, biyu, uku. Ta riƙe numfashi. Huɗu. Ta kai goma sha ɗaya, hawaye ya hana ta gani, ta bar ƙirgen.

"Uwata," ta ji ya kira, bakinsa cike.

"Na'am, Baba."

"Miyar nan gishiri bai ji ba." Ya lashe yatsa, ya tura kwanon wajen ƙofa. "Ƙaro ta. Kuma ki zuba kaɗan a akushi ki kai bayan ɗaki, kada maƙwabciya ta ji mu shiru."